Ƙarfen da Ba Ya Son Wuta

A Wagadugu na fara gane cewa bakina ba zai yi mini aiki ba a wannan tafiya. A Tawa, in na buɗe shi, har 'yan kabu-kabu sukan kauce mini. A tashar Wagadugu kuwa na tsaya gaban mai yankan tikiti ina zuba masa Hausa, yana kallona kamar akuya ce ke kuka. Wata tsohuwa Bayarbiya mai fataucin atamfa, wadda ta taɓa zama a Ƙonni, ita ta kama hannuna ta kai ni motar da ta dace, ta raba burodinta biyu ta ba ni rabi. Ko sunanta ban tambaya ba. Lokacin ban iya karatu ba. Sai bayan na dawo, da furfura a goshina, na shiga ajin manya a Tawa, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna.

Sunana Habsu. An haife ni a Affala, gidan maƙera, aka kai ni aure Kalfu, gidan manoma. Mijina Mamman ya daɗe yana aikin ƙarfe a Abijan, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye aka kawo shi gida kwance. Daga nan cin gidanmu ya koma wuyan ƙaninsa Illa, wanda Mamman ya kai can tun yana saurayi, ya sa shi a atiliyen da yake aiki, wato wurin walda. Illa yana da nasa iyalin. Gida biyu ke nan a kan mutum ɗaya, ga damina tana ta ƙin kyau. Na bar Mamman hannun uwarsa da babbar ɗiyata, na ce zan je in ɗauke wa Illa rabin kayan. Mata suka ce mace ba ta tafiya biɗa, ci-rani na maza ne. Na ce to a zuba ido.

Daga Bobo ƙasa ta fara yin kore irin wanda ban saba gani ba, kore mai duhu, babu dutse ko ɗaya da ido zai huta a kai. Kafin Buwake motarmu ta mutu a daji, muka yini gefen hanya ana ruwa. Maza suka taru kan injin, na je na leƙa ni ma, direba ya kore ni da bayan hannu. Na zage shi da Hausa, ya yi dariya, don bai ji ba. Zagin da ba a ji ba ya fi komai ciwo ga mai yin sa.

A Abijan Illa ya tarye ni. Ya yi ƙiba, ga makullai a ƙugunsa suna ƙara in yana tafiya.

"Ni da nike jiran amarya," in ji shi, "sai anka aiko min tsohuwa?"

"Ruhe min baki, ƙaramin miji. Ɗauki kaya."

"Wanga buhu mi na ciki? Duwatsun Adar kinka kwaso?"

"Gero na. Na ji an ce rogo kuke ci kamar awaki."

Ya sama mini ɗaki a Abobo, a wani gida da Adarawa suka cika. Na fara da abin da kowace mace ke farawa da shi, koko da ƙosai, a bakin ƙofar atiliyensu. Wurin zagaye yake da kwanon rufi, ciki ana walda, ana ƙera ƙofofi da tagogi da teburan girki. Mai gadin wani Buzu ne dattijo, Agali, mutumin arewacin Tawa, kullum yana kan benci da butar shayinsa. Da ya ji daga gidan da na fito, sai ya samu abin wasa, kamar yadda Buzaye da maƙera suka saba.

"Ashe maƙeriyata ta anka kawo min. Zo ki hura min gawayi."

"Kai da ko allura ba ka iya ƙerawa? Takobin da kakanka ya yi taƙama da shi, kakana ya buga shi."

"To mi kike yi da ƙosai, ɗiyar wuta?"

Wasa ya yi, amma maganar ta zauna mini. Ina tuya ina jin ƙarar ƙarfe ta bayan kwano, hannuna yana ƙaiƙayi. Da na ji mai aikin huda ya gudu ya bar su da tulin ƙofofi, na tsare Illa.

"Gaya ma mai gidanku ya ba ni."

"Habsu, wagga ba maƙerar gidanku ba ta."

"Ƙarfe ƙarfe na."

Na hana shi sakat har ya kai ni. Mai atiliyen, Kwajo, gajeren mutum ne mai ɗingishi, ba ya yawan magana. Ya dube ni daga ɗankwali har silifa, ya yi wa Illa Faransanci. Illa ya juyo mini da shi bai rage komai ba: don darajar Mamman zai gwada ni, amma Illa ne ya kawo ni, in na ɓata aiki, ni da shi ƙofa ɗaya za mu fita. Illa a lokacin shi ke riƙe da makullin wurin, shi ke awo, shi ake aikawa gidajen mutane. Abin da gida biyu ke ci a Kalfu daga wannan makulli yake fitowa, kuma na san haka sarai.

"Ce mishi ba a haihi ƙarhen da za ya ba ni kunya ba," na ce.

Wannan kam Illa bai juya ba.

Injin huda dogo ne, a tsaye kamar mutum, da hannu a gefe da ake jawowa ƙasa. Abin da ke hudar ɗan ƙarfe ne murɗaɗɗe da ake ɗaurawa a bakinsa, suna ce masa meshi. Illa ya jera mini su kan tebur. Wannan mai tsini a tsakiya kamar ƙaya na katako ne, in ya taɓa ƙarfe ya mutu. Wannan mai faɗin kai na siminti ne, ba ya yanka, daka yake yi. Baƙaƙen nan su ne na baƙin ƙarfen da ake ƙofa da shi. Sai ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihunsa, ciki da waɗansu masu launin zuma, ya ce waɗannan na inokis ne, farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, kuma ba kowa ake ba su ba. Kowane yana da lamba a gindinsa. Da ya tuna ban iya karantawa ba, sai ya wuce wurin da sauri, ya ce in riƙa gwadawa da ƙusar da za ta shiga ramin.

Ya nuna mini sauran. A buga ɗan tabo inda za a huda don kada meshi ya zame. A matse ƙarfen da kyau, kada a riƙe da hannu. A fara da ƙaramin meshi, sannan babba ya bi hanyarsa. Ya buɗe murfin saman injin ya nuna mini bel, robar da ke juya injin, ya ce in an sa shi nan injin zai yi gudu, in an sa shi can zai yi a hankali, kuma duk girman meshi ko taurin ƙarfe, haka ake rage gudu. Ya ajiye mini kwalbar mai.

"Ki riƙa ɗiga mishi. Zahi na abokin gabanki. Kuma ɗaure mayahin ga, in injin ya kama shi, ba ni da abin gaya ma Yaya."

Mayafin na ɗaure. Matsewar ma na ɗauka, da tabon, don na san su tun gida. Maganar zafi kuwa ta shiga nan ta fita can.

Ga dalilina, ba don in wanke kaina ba. A gidanmu mace ba ta ɗaukar masaba, amma in yayyena sun tafi gona ni ke zama bayan zugazugi. Na girma ina kallon yadda ubana ke huda bakin hauya. Sai ƙarfen ya yi jawur, ya ɗora matsoni, ƙarfen nan mai tsini, ya buga, rami ya buɗe kamar a tuwo. Na taɓa ganin ya mari yayana don ya bugi ƙarfe da sanyi. Kuma duk kayan aikin da ya ɗauki zafi, ruwa ake tsoma shi ya yi tauri. Wannan ba karatu ba ne a wurina, abin da idona ya buɗe a kai ne. Da Illa ya ce zafi abokin gaba ne, a raina na ce ɗan manoma ne, ya koyi ƙarfe da girma a hannun baƙi, ina zai sani.

Saboda haka da zarar an aike shi, sai in buɗe murfi in mayar da bel wurin gudu. Mai kuwa ban taɓa shi, don mai sanyaya abu yake yi. Ƙarfen ƙofa siriri ne, ko ta yaya aka matsa masa zai huje. Hayaƙi na tashi, ina jin daɗi. Meshi ya yi shuɗi, in cire in tsoma a gwangwanin ruwa ya yi cuu, in mayar. Masu walda suna mamakin saurina. Da la'asar Illa zai tsaya gaban dutsen wasawa yana gyara bakin meshin da na yini da su.

"Habsu, mi kike ma abubuwan ga?"

"Kayan yanzu na, ba su da ƙwari."

"Na ga shuɗi. Meshi in ya yi shuɗi ya mutu."

"Shuɗi tauri na. Tambayi kowane maƙeri."

"Ki bar bel inda na sa shi. Ina roƙonki."

Na ce to, don ya ƙyale ni. Ya ci gaba da wasa su kowace yamma, bai gaya wa Kwajo ba.

A watannin nan ruwa bai ɗauke ba. Zannuwana suka yi wari a cikin jaka. Geron da na zo da shi ya ƙare, na koma ina mafarkin fura da nonon Fulanin bayan Kalfu, da jan dutsen hanyar Affala da ke ƙona ƙafa. In an buga waya daga gida, ɗiyata takan kara wa Mamman a kunne, ya yi ta ƙoƙari da rabin bakinsa. Da ya ji ina aiki a injin da shi ma ya taɓa tsayawa a kai, sai na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba, dariya yake yi. Wannan dariya ta ƙara mini girman kai.

Sai aka kawo aikin inokis. Teburin girki ne na wani gidan abinci, dogo, an lanƙwasa gefunansa, an goge fuskarsa har mutum na ganin haƙoransa a ciki. An daɗe ana aikinsa, saura ramukan famfo da na ƙafafu. Illa ya yi awo ya buga tabo, sai Kwajo ya kira shi su tafi wani gini a hayin ruwa. Ya rataye rigar aikinsa, gwangwanin yana aljihu.

"Kar ki taɓa shi. In na dawo mu yi tare."

Ni kuwa so nake ya dawo ya tarar an gama. So nake Kwajo ya tambayi wa ya yi, a nuna ni.

Na ɗauki meshi mai launin zuma, na mayar da bel wurin gudu, na jawo hannu. Injin ya yi wani kuka mai shiga haƙori. Meshin yana juyawa, ba ya ci. Na ƙara dannawa. Wurin ya yi ruwan ƙasa, ya koma shuɗi, hayaƙi ya tashi, na ce madalla, ya fara laushi. Daga baya na san cewa inokis ba haka yake ba. In aka goge shi da zafi ba a yanke shi ba, ƙara tauri yake yi, har ya fi ƙarfin abin da ke hudarsa. A lokacin ban sani ba, kuma wanda ya sani ya gaya mini in jira. Na cire meshin na tsoma a ruwa, na mayar, na hau hannun injin da duk nauyina.

Ya karye. Guntun ya tashi ya bugi kwano, ragowar ya zame ya ja wani dogon zane a fuskar teburin, daga tabon har kusan gefe.

Masu walda suna can baya da ƙararsu, ba su ji ba. Agali ne ya shigo. Ya dubi teburin, ya dube ni, bai yi wasa ba.

"Ɗiyar maƙeri, kashe injin ki zauna. Jira Illa."

Ban jira ba. Na ƙulle guntun meshin a bakin zanena na shiga mota zuwa kasuwar Ajame. A kaina, in na sayo wani na huda sauran ramukan, zanen kaɗai zai rage, shi kuwa a goge. Layin masu kayan aiki ya fi kasuwar dabbobin Tawa cunkoso. Ina nuna guntun ina magana da hannu, sai wani ya kira ni da Hausa.

"Yaya, daga Adar? Na ji bakinki. Uwata ma 'yar Tawa ce."

Rabon da wani baƙo ya ce mini Yaya har na manta. Na ba shi labarin duka. Ya girgiza kai ya tausaya mini, ya shiga ciki ya fito da meshi mai ƙyalli kamar zinariya, ya ce wannan ya fi wanda na karya, Turawa ke aiki da shi. Akwai rubutu a gindinsa, ya nuna mini da yatsa, na gyaɗa kai kamar na karanta. Na cire 'yan kunnena na azurfa na ba shi, har da godiya.

Na dawo na ɗora shi kan tabo na biyu. Bai daɗe yana juyawa ba zinariyar ta saɓule kamar ɓawon albasa, bakin ya baje kamar kan ƙusa. Fenti ne aka shafa wa ƙarfen banza. Tebur ya samu ƙuna ta biyu.

Da la'asar suka dawo. Kwajo ya zagaya teburin da ɗingishinsa, ya bi zanen da yatsa tun daga farkonsa har ƙarshe. Bai dube ni ba. Ya miƙa wa Illa tafin hannu. Illa ya kwance makullan daga ƙugunsa ya ɗora masa. Walda ta tsaya, kowa ya matso.

Na fara magana da ƙarfi, kuma babu mai juya maganata sai mutumin da na kashe wa aiki.

"Gaya mishi ni ta. Kai ba ka nan."

"Ya sani, Habsu."

"To gaya mishi yadda ubana ka huda ƙarhe. Gaya mishi ba hauka niy yi ba."

Illa ya juya masa maganar, kansa a ƙasa. Na ga lokacin da ya kai wurin tsoma meshi a ruwa, don nan masu walda suka fashe da dariya, ɗaya har yana riƙe ciki. Kwajo bai yi dariya ba. Ya shiga ofishinsa ya fito da meshi biyu masu launin zuma, ƙarami da babba. Ya buɗe murfi ya mayar da bel can ƙarshe. Ya buga tabo a kusurwar teburin da na kashe, ya ɗiga mai, ya jawo hannu. Injin yana juyawa a hankali har ina ganin murɗin meshin. Babu kuka, babu hayaƙi. Wani siririn zaren ƙarfe ya fito yana nannaɗewa kamar yaɗon wake. Ya canza zuwa babban, ya sake ɗiga mai, ya danna da ƙarfi amma ba da gaggawa ba, ya sassauta daf da fita. Rami ya buɗe, zagayayye, bakinsa fari.

Ya kashe injin, ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan meshin. Ɗumi kawai ya yi, kamar kokon da ya huce.

Na so ƙasa ta tsage. Ba dariyar ce ta kashe ni ba, wannan ɗumin ne. Na tsaya gaban maza da yatsa a kan ɗan ƙarfe, ni da na cika garin mutane da sunan gidanmu. Kwajo ya saki hannuna ya nuna mana ƙofa, mu biyu.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Illa yakan fita da safe neman aikin yini, ya dawo da laka har gwiwa, wani lokaci ya samu dako, wani lokaci babu. Matan gidan, waɗanda da suke aron gishiri a wurina, in na fito tsakar gida sai hira ta mutu. Aka buga waya daga Kalfu, na ji Illa yana cewa lafiya lau, aiki sai godiya, saƙo zai ɗan yi jinkiri wannan watan. Bai zage ni ba. Na tsare shi na ce ya zage ni.

"In na zage ki, makulli za ya dawo?" in ji shi, ya ɗauki butarsa.

Na koma ƙofar atiliyen, ba da ƙosai ba. Kowace safiya nakan zauna a ƙarshen bencin Agali. Yakan miƙo mini shayi. Kwajo ya wuce ni ya shiga, ya wuce ni ya fita. Wata safiya da ya sauko daga motarsa na durƙusa a cikin laka na tare hanya. Ban taɓa durƙusa wa namiji ba in ba ubana ba, ko Mamman bai samu wannan ba. Agali ya taso da ɗan Faransancinsa na gadi ya tsaya tsakaninmu. Sun daɗe suna magana. Ban san abin da ya gaya masa ba, har yau bai faɗa mini ba.

Sai Agali ya juyo ya ce mini, teburin ba zai gyaru ba, an riga an fara wani. Amma za a iya yanka shi a yi kantocin da ake kife kwanuka su tsane, irin masu ramuka ko'ina. Aiki ne mai cin rai, babu wanda ke da lokacinsa. Kwajo zai ba ni meshi biyun nan nasa. In na gama ban ƙona su ba, zai duba maganar Illa. Lada babu. Kuma Illa ba zai taka cikin wurin ba.

Illa bai taka ba. Injin huda yana jikin kwanon da ya raba atiliyen da titi, sai Agali ya jawo bencinsa daidai wurin ta waje. Illa ya zauna nan, ba ya ganina, ba na ganinsa, kunne kawai yake sawa. Daga kukan injin yake sanin abin da hannuna ke yi.

"Mai."

In ɗiga.

"Danna. Shafa shi kike yi, danna ya ci."

In danna.

"Ɗaga ya sha iska. To, koma. Sassauta, ya kusa hita."

Masu walda suka ɗauka. In na wuce sai su maƙale murya su ce mai, mai, har suka sa mini suna Madam Mai. Da a Tawa ne da sun ji abin da ba su taɓa ji ba. Na haɗiye. Abin da ya fi su wuya hannuna ne. Hannuna so yake ya yi sauri, hancina yana neman ƙaurin wuta, kamar aikin bai fara ba sai na ji shi. Na koyi kallon abin da ke fitowa daga ramin. In zare ne dogo mai haske, lafiya. In ya koma gari ko ya fara yin duhu, in tsaya. Rannan na kai kusa da wurin da na ƙona, injin ya canza murya, kafin in ankara Illa ya bugi kwanon da hannu.

"Tsaya nan. Kin kai inda kinka kashe. Wurin ga ya hi ƙarhin meshi, tsallake shi."

In kaifin meshi ya ragu, sai in tura shi ta ƙarƙashin kwano, Illa ya kai wa wani abokinsa mai dutsen wasawa, ya dawo da shi ta hanyar da ya fita. Sau ɗaya Kwajo ya zo wucewa daidai lokacin da hannun Illa ya leƙo. Ya tsaya, ya dubi hannun, ya juya yana duban rufi har hannun ya koma.

Kafaɗata ta kumbura. Yatsuna suka cika da ƙananan yanka, don zaren inokis kaifi gare shi kamar reza. Agali yakan leƙo ya ce, "Maƙeriyata, yau ba hayaƙi? Na yi marmarin ƙauri." Shi kaɗai nake iya mayar wa magana.

Na ƙara wata damina a Abijan bayan wannan, ina tuyar ƙosai a wata unguwa, kafin in dawo gida in zauna a Tawa kusa da asibitin da ake duba Mamman. Amma in aka tambaye ni inda tafiyata ta ƙare, ranar da na huda ramin ƙarshe ce.

A ranar, Kwajo ya ɗaga kantocin ɗaya bayan ɗaya yana duba su ta hasken ƙofa. Ya shafa bayansu ya ji ko akwai tsini. Sannan ya karɓi meshin biyu ya juya su a tafinsa. Sun gajarce saboda wasawa, amma launinsu na zuma yana nan. Ya sa su aljihu, ya ce a kira Illa.

Illa ya shigo yana goge hannu a wando. Makullan suna ƙugun wani, ɗaya daga masu waldar, wanda Illa da kansa ya koya wa riƙon awo. Kwajo ya yi magana gajeriya. Na dubi Illa ya juya mini.

"Ya ce in dawo gobe. Cikin ma'aikata, ba bisa kansu ba."

"Makulli hwa?"

"Ya ce wanda ya ɓoye mishi mutuwar meshi wata da watanni, ba ya riƙe mishi makulli."

"Ni hwa?"

"Ke ya ce kin iya huda yanzu. Amma ba nan ba."

Ban yi gardama ba. Illa ya yi godiya, ya sake yi, har da ranƙwafawa. Zai samu abin aikawa Kalfu, ba kamar da ba, amma zai samu. Kwajo ya koma ofishinsa. Sabon mai makullin ya dubi gindin injin, inda zaren ƙarfen aikina ya taru kamar ƙaiƙayi a masussuka, ya dubi Illa, ya nuna masa tsintsiya da haɓa.

Na riga shi kaiwa gare ta. Na ce ni na zubar, ni zan kwashe. Illa ya kama ta ta ƙasa, na riƙe ta sama, muka tsaya haka a tsakiyar atiliye, kowa yana kallo. A hankali ya ɓamɓare yatsuna daga jikinta, ɗaya bayan ɗaya, yana kauce wa wuraren da suka yanke.

"Saki, Habsu," in ji shi. "Wanga aikina na yanzu."

Na saki. Na fita na zauna kan bencin Agali, ta bayan kwano, ina jin yana shara.